Baƙaƙen Gilasan Ƙanwata

Ni na je tarbon ƙanwata a tashar Gazawa ranar da ta dawo daga ƙasar Turawa. Farkon bazara ne, rana ta take, iska kanta zafi take hurawa. Ina tsaye a rumfar wani mai sayar da ruwan sanyi sai ga motar Maradi ta shigo, kayan da ke samanta sun kusa fin ta tsawo. Fasinjoji suka yi ta sauka suna miƙe ƙafafu. Ita ce ta ƙarshe. Da baya-baya ta sauko, rungume da wani ƙaramin akwati mai ruwan toka. Direban ya ce mini tun daga Maradi yake fama da ita ta ba shi ya ɗaure a sama, ta ƙi, a cinyarta ta riƙo shi har nan.

Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, jakar tufafina tana sama, ka sa a sauko da ita. Wannan kuwa kada ka bari kowa ya taɓa."

Ita ce autarmu. Lokacin da aka sa ta lakol, wato makarantar boko, a Gangara, garinmu, ni har na fara koyarwa a kolej. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa, saboda haka abin da ta je ta karanto ba fannina ba ne. Daga Gangara ta tafi lise, babbar sakandare, a Maradi, daga nan jami'a a Yamai, inda ta karanta ilimin haɗa sinadarai, sannan ta samu tallafin ƙaro karatu a waje. In an tambaye mu me take yi a can, sai mu ce aikin sola, mu yi shiru, don iyakar abin da muka sani ke nan.

Na ɗauke ta a moto, babur ɗina, zuwa gida. Duk ramin da na shiga sai ta dafa mini kafaɗa in rage gudu.

Bayan la'asar, da ta ci tuwo ta huta, Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedin tsakar gida, ya ce a buɗe akwatin nan kowa ya gani. Ta buɗe. A ciki an jera wasu ƙananan gilasai cikin soso, kowanne bai fi kwalin ashana ba. Baƙaƙe ne wuluk, suna sheƙi, da 'yan siraran wayoyi a gefensu. Inna ta leƙa ta ce, "To, wannan ne kika bar mu dominsa shekara da shekaru? Mene ne sunansa?"

"Ferobuskit, Inna."

"Biskit?"

Muka yi dariya har da ita. Daga ranar Inna ba ta ƙara kiran su da wani suna ba sai biskit.

Baba bai yi dariya sosai ba. Manomi ne, gero da wake, kuma ba ya son abu ya wuce shi bai gane ba. Ya nuna farantin solar da ke saman ɗakinsa, wanda ya daɗe yana ba mu fitila yana yi wa rabin unguwa cajin salula. Ya ce, "Wancan nawa, laifin me ya yi?"

Ta ce, "Bai yi laifin komai ba, Baba. Naka ƙaƙƙarfa ne, zai iya kai jikokinka. Amma kafin a yi shi sai an narka yashi a wuta mai tsananin zafi, a manyan masana'antu, shi ya sa ba kowace ƙasa ke iya yin sa ba. Wannan kuwa sinadarai ne ake narkawa kamar tawada, a shafa wa gilashi, shafi siriri wanda fatar albasa ma ta fi shi kauri nesa ba kusa ba, a ɗan gasa shi kaɗan. Kuma yana shan rana ya ba da wuta kusan kamar naka. In aka shimfiɗa shi a bisa irin naka, su biyun sai su ba da abin da ɗaya ba zai iya ba, don kowanne da irin hasken da ya fi kamawa."

"To me ya hana a cika kasuwa da shi?"

"Ba ya daɗewa. Ba ya son laima, ba ya son zafi. Hasken ranar ma da aka yi shi dominsa yana cin sa a hankali."

Baba ya dube ta, ya dubi gilasan. "Abin da ba ya son zafi kika kawo Gangara da bazara?"

"Shi ya sa na kawo shi," in ji ta. Ta ce a ɗakin gwajinsu suna sa shi cikin na'ura mai zafi da tururi, su ga ya jure, kowa ya yi murna. Amma ita duk lokacin da ta ga haka sai ta tuna rufin kwanon gidanmu da tsakar rana, wanda ko kaza ba ta iya takawa. Ta yi ta damun malaminta har ya yarda ta kawo wasu gida ta gwada su inda ake bukatarsu.

Washegari Baba ya ba ta fili a bayan rumbu. Muka je Agye wajen wani mai walda, ya yi mata tebura biyu na ƙarfe masu ɗan karkata, kowanne da murfin raga. Ragar ta fi komai damun ta. Ta gaya mana tun farko, a gaban Inna da matan gida, cewa akwai dalma a cikin shafin nan. Kaɗan ce ƙwarai, amma dalma ce, kada yaro ko akuya su kai baki. Baba ya sa aka kewaye wurin da ƙaya kamar yadda ake yi wa dashen mangwaro.

Lokacin hutun lakol ne, ina gida, na ga yadda take aiki. Da hantsi ta fito da 'yar na'urarta ta awo, ta maƙala wayoyi, ta auna gilasan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki hotonsu. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya nemi inuwa, har karnuka sun shige ƙarƙashin amalanke, sai ka gan ta can a tsugune da malafar Baba a bisa ɗankwalinta, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Da la'asar ta sake komawa. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta koma aika mata da fura a ƙwarya.

A kwanakin farko tana dawowa da fara'a. Ta ce ranarmu ta sa gilasan suna ba da wutar da ba ta taɓa gani ba a waje. Amma ba a daɗe ba sai na lura ta rage magana. Wata rana ta kira ni ta nuna mini. Gefen wasu daga cikinsu ya fara sauya launi, baƙin yana komawa ruwan ɗorawa, kamar ganyen da ya fara bushewa daga baki.

"Ka ga wannan rawayar? Mutuwarsa ke nan. Shafin ya rabu, kowane sinadari ya koma inda ya fito."

Kafin hadarin farko ya haɗu, fiye da rabinsu sun zama rawaya. Waɗannan kuwa su ne ta fi ji da su, waɗanda ta shafe watanni tana haɗawa da hannunta. Na same ta zaune a inuwar rumbu ta riƙe ɗaya tana jujjuya shi, idanunta sun yi ja. Na ce ta yi haƙuri. Ta gyaɗa kai. Can sai ta ɗaga gilashin ta ce, "Yaya, duba. Duk daga gefe suke farawa, ba daga tsakiya ba. A can zafin na'urarmu iri ɗaya ne safe da yamma. Nan kuwa gilashin yana gasuwa da rana, ya huce da asuba, kullum yana buɗewa yana tsukewa. Ina jin mannin da muka rufe bakin da shi ne ke saki." Ta tashi ta ɗauko na'urarta. Ni da na zo lallashi sai na koma mai riƙe mata waya.

Tebur na biyu a Gidan Sori ta kafa shi, gidan Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure can yamma, cikin Gobirawa. Ta zaɓi wurin ne saboda yana kusa da gulbi, laima ta fi yawa da damina. Gwaggo mace ce mai son jama'a, ta karɓi abin hannu bibbiyu. Aka kafa teburin a kusurwar gidanta, ƙanwata ta koya mata abin da za ta kiyaye, ta riƙa zuwa tana dubawa.

Ana tsakiyar noman farko sai Gwaggo ta bugo waya da sassafe. An yi ruwa da iska mai ƙarfi, ta ce, reshen gawo ya karye ya faɗo a kan teburin, raga ta lotse, gilasai sun farfashe a ƙasa, ruwa ya bi ta kansu. Ƙanwata ta karɓi wayar daga hannuna. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ba ta tambaya ko akwai gilashin da ya tsira ba. Cewa ta yi, "Gwaggo, ki kulle kaji. Ki kifa babban kwano a wurin, kada kowa ya taka. Ga mu nan."

Tafiya ce mai nisa. Muka shiga mota daga Gazawa, muka ratsa Agye zuwa Maradi, muka sake wata zuwa Tibiri, daga nan muka hau kabu-kabu cikin laka. Sai bayan azahar muka isa. Ta sa safar hannu, ta durƙusa ta tsince gutsattsarin gilashin ɗaya-ɗaya, har waɗanda sai ka karkata kai kake ganin ƙyallinsu. Sannan ta karɓi shebur ta kankare ƙasar wurin, ta bi duk inda ruwan ya gangara, muka zuba a bokitai masu murfi. Hannunta ya yi kanta ranar. Da mijin Gwaggo ya ce ta kawo ya taya ta, ta ce a'a, ita ta kawo abin, ita za ta kwashe.

Da muka gama na ɗauka shi ke nan, sai mu nemi abinci mu kama hanya. Sai ta wanke hannu ta gyara mayafi ta ce mu je wurin maigari.

Na ce, "Lallai sai mun je? Kin ce dalmar ba ta kai ta tsohon batirin mota ba, ga su nan yashe a kowane lungu. Kuma kin kwashe."

"Na kwashe abin da na gani," ta ce. "Rijiyar unguwa tana bayan katangar nan. Masu shan ruwan su ya kamata su ji, ba mu kaɗai ba."

Muka samu maigari a ƙofar gida da dattawa, sun dawo daga gona. Muka durƙusa muka gaishe su. Ni na fara gabatar da ita, sannan ta yi bayani da kanta, a tsanake, ba ta sa kalmar Faransanci ko ɗaya ba. Ta faɗi abin da ta kawo, da abin da ke cikinsa, da abin da ya faru, da abin da ta yi. Da ta ambaci dalma sai dattawan suka dubi juna. Mutanen yankin sun sha jin labarin yadda dalma ta yi wa yara illa a garuruwan masu haƙar zinariya a ƙetaren iyaka, ba kalma ba ce da ake ji a wuce.

Wani dattijo mai jan rawani ya ɗaga murya. "Ke ɗiyar nan, guba kinka kawo muna cikin gari ba mu sani ba? In da icce bai hwaɗi ba, yaushe za mu ji?"

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan kare ta. Ta riga ni. Ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Na gaya wa mutanen gidan da na ajiye shi, amma ya kamata in fara zuwa nan kafin in kafa ko ƙusa ɗaya. Ban yi ba. Ku gafarce ni." Ta ce za ta ɗebi ruwan rijiyar ta kai Yamai a auna, kuma ko me aka gani za ta dawo ta faɗa musu da bakinta.

Maigari ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce ta kwashe sauran kayanta, kada a sake ajiye irin wannan a cikin gari. Ta ce ta ji, ta gode. A hanyarmu ta dawowa, da bokitan ƙasa ɗaure a bayan moto, na san abin da ta rasa: gwajin damina gaba ɗaya, wanda saboda shi aka ba ta izinin zuwa. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, ita da abokan aikinta kullum tunaninsu kada ruwa ya shiga gilashin, ba su cika tunanin abin da zai fita ba in ya fashe.

Ta kai ruwan aka auna, ba a samu abin damuwa ba. Ana iya faɗin wannan ta waya. Amma ta sake yin doguwar tafiyar nan har Gidan Sori ta gaya wa maigari da dattawa, kwana kaɗan kafin jirginta ya tashi.

Ta koma, muka ci gaba da rayuwarmu. In mun yi waya takan ba ni labari, ni kuma in fahimci abin da na iya. Ta ce ta cire wani sinadari daga haɗin, wanda shi ne ya fi saurin gudu in ya ji zafi, ta maye gurbinsa da wasu masu nauyin jiki. Ta sa wani shafi na daban a bisa na farkon don ya toshe ƙananan ramukan da lalacewa ke farawa daga cikinsu. Ta daina amfani da mannin da, ta koma rufe shafin tsakanin gilashi biyu, ta kewaye bakin da baƙar roba irin ta cikin taya, wadda ke miƙewa ta dawo ba ta tsage ba. Sannan ita da wata abokiyar aikinta suka yi ta gwada wata leda da ake mannawa ta ciki, wadda in gilashin ya fashe za ta kama dalmar ta riƙe. Ta ce wasu gyare-gyaren suna ƙara wa abin kwana amma su rage masa wuta, wasu su ƙara wuta su rage kwana, aikin duka shi ne a samu wanda bai ci ɗayan ba. Sau da yawa takan ce mini, "Wannan makon duk abin da na yi ya lalace," da murya kamar mai ba da labarin kasuwa.

Da wata bazarar ta kewayo ta dawo da sababbi. A wannan karon har da faranti ɗaya mai faɗin faifai. Kafin ta kafa komai a Gangara sai da ta je wurin maigarinmu. Gidan Sori kuwa ba ta yi niyyar komawa ba. Gwaggo ce ta bugo ta ce maigarinsu ya ji ta zo, yana tambaya ko ɗiyar nan ta yi fushi ne. Da muka je, ya sa aka nuna mata wani tudu a bayan gari, nesa da rijiyoyi, babu itace kusa. Dattijon nan mai jan rawani yana cikin waɗanda suka raka mu. Bai ce mata komai ba game da bara. Ya dai tsaya yana kallo har aka gama kafa teburin, sannan ya ce a ƙara zurfin ƙafafun, iskar wurin ba ta da kyau.

Sababbin ma ba duka suka rayu ba. Wasu sun yi rawaya kafin a yi shuka. Amma wani rukuni ya ƙetare bazara, ya ƙetare damina, aka yi girbi suna nan baƙaƙe ƙirin, wutar da suke bayarwa ta ragu kaɗan kawai. Babban farantin ta haɗa shi da 'yar fanka ta ajiye wa Inna a rumfa. Inna takan zauna gabanta tana tsinkar zogale, mata su shigo kallo, ta ce musu aikin autarta ne.

Ni kam na so a yi shela. Na ce mata bari in kira wani abokina da ke aiki a gidan rediyo. Ta hana ni. Ta ce, "Me za mu ce musu, Yaya? Manomi in ya sayi faranti, so yake ya manta da shi a saman ɗaki har 'ya'yansa su girma. Nawa damina ɗaya ya gani. In mutane suka ji a rediyo, gobe wani zai kawo musu na banza da sunan shi ne, su saya." Baba ma da ya tambaye ta shekara nawa wannan zai yi, cewa ta yi ba ta sani ba tukuna. Ya ce to, in ta sani ta gaya masa.

Na koyar da yara da yawa, na kuma zauna da masu ilimi iri-iri, amma a wurin yarinyar da na ɗauka a kafaɗa na ga yadda mutum ke son abu ƙwarai kuma ya ƙi yi masa ƙarya. Ba ita kaɗai ke wannan aiki ba, ta sha gaya mini akwai dubbai a ƙasashe daban-daban, kowa yana jan nasa gefen, kuma mai yiwuwa ba haɗinta ne zai kai kasuwa ba. Hakan bai taɓa rage mata himma ba.

Da za ta koma ta bar mini na'urar awon, ta koya mini inda ake maƙala jan waya da baƙa. Yanzu duk ƙarshen mako in na je Gangara nakan auna in tura mata hotuna. Na Gidan Sori kuwa in an yi hutu nake zuwa. Kwanan baya, bayan zafin bana ya yi tsanani, na ga wani ɗan ɗigon rawaya a kusurwar ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa. Na tsaya ina kallonsa, na rasa yadda zan gaya mata. Daga baya na daure na kira.

"Wace kusurwa?" ta tambaya da sauri. "Ta wajen wayoyin ko ɗayar?"

Na ce ta wajen wayoyin.

"Alhamdu lillahi. Na yi zargin nan ne. Ka ga ba shafin ba ne, inda wayar ta ratsa robar ne. Yaya, don Allah cire shi yau, kada ka goge shi, ka naɗe shi yadda yake. Akwai wata da muke aiki tare za ta taso daga Yamai jibi, ita za ta kawo mini shi."

Na ciro shi, na naɗe a tsumma mai tsabta, na sa a gwangwanin madara na rufe. Washegari da hantsi na hau moto na kai shi tashar Gazawa, na damƙa wa wani direban motar Yamai da na sani ya kai wa matar, na ce ya ajiye shi a gaba kusa da shi.